Ɗinkin Dokta

Kowa a layin, Dokta yake ce masa, alhali kemis ne kawai da shi: shago ɗaya, kanta biyu, benci, da labule a can baya inda yake yi wa mutane allura. Amma hannunsa yana da kyau, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Yaro ya faɗi ya fasa goshi, Dokta zai ɗinke, kafin wata ya zagayo ka nemi tabon ka rasa. To da wannan hannun yake dukan matarsa, kuma da shi yake ɗinke ta.

Abin yana da tsari kamar aikin ofis. Zai rufe shago ya shigo cin abincin rana, ya samu abin da bai yi masa ba. Ko gishiri ya yi yawa, ko ta daɗe ba ta buɗe ƙofa ba, ko ya ji ta yi wa mai kawo ruwa sannu da murya mai laushi. Sai ya kunna rediyo ya ƙure shi. In ya gama abin da zai yi, ya nufi famfon tsakar gida ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, a tsanake, yatsa bayan yatsa. Sannan ya sauko da baƙar jakarsa daga kan durowa, ya zaunar da ita bakin gado wajen taga, inda haske ya fi.

"Ɗago fuskarki. Kar ki motsa mana, so kike ya karkace a ce ban iya aiki ba?"

Sai ta ɗago. Yana ɗinki yana mita.

"Kin ga abin da kika jawo mana. Wani mijin barin ki zai yi da jininki ya kama gabansa. Ni ga shi na bar shago da mutane, na zauna ina wahala a kanki."

In ya yanke zare ya manna filasta, ya ba ta wata farar ƙwaya, ta kwanta ba ta sanin inda kanta yake sai rana ta faɗi. Shi kuwa ya koma shago yana girgiza kai. Duk wanda ya tambayi iyali, amsar ɗaya ce: "Jirin nan nata ne ya sake kayar da ita. Sai addu'a." Haka layin kaf ya san matar Dokta tana da ciwon faɗuwa. Matan unguwa har cewa suke Allah ya so ta da rahama da ya haɗa ta da miji mai aikin asibiti.

Uwarsa, Hajiya, takan zo duba mara lafiya. Ta kama haɓar surukar ta juya fuskar wajen haske kamar mai tayin kwano a kasuwa.

"Kai, yaron nan ya iya. Kamar da keken ɗinki aka yi."

Rannan matar Dokta ta yi ƙarfin hali ta ce, "Hajiya, ba faɗuwa na yi ba."

"Na tambaye ki?" Hajiya ta saki haɓar. "Ubansa ya fi shi zafin hannu, ni wa ya taɓa ɗinke ni? Da tsumma nake ɗaurewa in shiga kicin. Ke an yi miki, an gyara miki, an ba ki magani kin yi barci, har kina da bakin magana. To ki ji da kyau. Ranar da kika ga tafiya za ki yi, ƙofa a buɗe take. Amma takwarata ba inda za ta. Wane alƙali ne zai ba mai faɗuwa yarinya? Ki je ki faɗi da ita a kan wuta?"

Takwarar tata ita ce Ummi, 'yarsu ɗaya tilo, wadda aka sa wa sunan Hajiya, ba ta daɗe da shiga makaranta ba. Saboda ita matar take zaune. Shi ma Dokta ya san haka, shi ya sa bai taɓa kulle mata ƙofa ba.

Wata safiya tana shara ta ji muryar Ummi a bayan ƙofa. Ta leƙa. Yarinyar ta kwantar da 'yar tsanarta tana maka mata takalmi, sannan ta ɗauke ta ta zaunar wajen taga, ta manna mata guntun takarda a goshi.

"Kar ki motsa mana," in ji Ummi, da murya irin ta ubanta. "Kin ga abin da kika jawo mana."

Washegari da ta kai yarinyar makaranta ba ta wuce gida ba. Akwai wani ofis a saman shagon buga takardu, an ce lauyoyi ne masu taimakon mata ba sai an biya ba. Ta daɗe tana wuce shi da kanta a ƙasa. Ranar ta hau.

Lauyar da ta samu wata mace ce mai tabarau, da ganinta ta gaji da jin irin wannan labari. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Nuna min."

Matar Dokta ta zame mayafi ta nuna gira, ta nuna haɓa. Lauyar ta matso, sai da ta ƙura ido kafin ta ga wasu siraran layuka.

"Wa ya ɗinke?"

"Shi."

"Katin asibiti fa?"

"Rabona da asibiti tun haihuwar Ummi. Ya ce me za a yi min a can da ba zai yi ba."

Lauyar ta cire tabarau ta ajiye. "Baiwar Allah, ni na yarda da ke. Amma ba ni ce alƙali ba. Shi zai zo da mutanen layinku su ce kina faɗuwa, ke da me za ki zo? Da bakinki kawai? In kika tafi haka, ke za ki fita, yarinyar za ta zauna."

"To yaya zan yi?"

"Hoto. Kafin ya taɓa wurin, ba bayan ya gyara ba. Sannan ki yi magana a waya, ki faɗi ranar, ki faɗi abin da ya yi da abin da ya buge ki da shi. Kar ki bar komai a wayarki. Ki tura wa wanda kika yarda da shi ya ajiye, ke ki goge. In ciwon ya yi tsanani ki je asibitin gwamnati, kuma ki tabbata abin da kika faɗa shi suka rubuta. In kuwa kika ga ranki zai tafi, kar ki tsaya wani hoto, ki fita kawai. Ga lambata, ki riƙa turo min."

"Ba zan iya ba. Kullum sai ya duba wayar. Lamba uku ce a ciki, tasa, ta Hajiya, ta yayana. In ya ga ta huɗu na shiga uku."

"To ki haddace tawa a kanki. Yayan naki kin yarda da shi?"

"Shi ne uba, shi ne uwa. Shi ya riƙe ni."

"To shi."

Abin da ya rage shi ne yaushe za ta ɗauki hoton, tunda mai dukan shi ne mai gyaran. Sai tsabtar Dokta ta yi mata rana. Yana can bakin famfo yana bin yatsunsa da sabulu, ita tana ɗaki ta ɗaga wayar a fuskarta, jini na shiga mata ido, ta danna, ta tura ƙarƙashin filo. Na baya da na cinya sai ya koma shago, kafin ƙwayar ta kwashe ta, ta shiga banɗaki da madubi. Sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta tura wa Yaya, ta goge. Da ta tura na farko ya aiko da kalma ɗaya: "To." Ba ta nemi fiye da haka ba.

Damina ta shigo ta fita tana turawa. Dukan bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Ya karya mata yatsu biyu da murfin tukunya, ya ɗaure su da kansa, ya ce wa masu tambaya a kan hannun ta faɗi. Ya taka mata haƙarƙari ta yi kwanaki ba ta iya dariya ba ta iya tari. Ta rame, ƙwayar ta sa har magana takan ɓace mata a tsakiya, abin da ya ƙara wa mutane tabbacin lallai kan matar ba daidai yake ba. Amma a ranta tana da wani ɗan sanyi: yanzu kowane duka yana da inda yake zuwa ya zauna ya jira ta.

Sai ranar da Ummi ta shigo ana cikin yi, ta riƙe ƙafar ubanta tana ihu. Ya yi jifa da ita ta bugi ƙafar gado, leɓenta ya fashe. Da ya wanke hannu, yarinyar ya fara zaunarwa wajen taga. Da yamma Hajiya ta zo, ya tare ta da fuskar jimami.

"Hajiya, ina jin takwarar nan taki ta gado ciwon uwarta. Yau ita ma ta faɗi."

"Allah sarki," in ji Hajiya, ba ta kalli kowa ba.

Kwana biyu bayan haka matar Dokta ta ajiye Ummi a makaranta ta nufi garejin Yaya. Walda yake yi. Ta same shi a tsugune yana haɗa ƙofar ƙarfe, tartsatsi na tashi. Ya ɗage gilashin fuskarsa, idanun nan jajur.

"Lafiya da sassafe?"

"Yaya, abubuwan nan da nake turo maka na zo karɓa. Lokaci ya yi. Ya fara taɓa Ummi."

Ya miƙe ya ja ta gefe, nesa da masu jiran aiki.

"Waɗanne abubuwa? Na goge."

Ta tsaya tana kallon bakinsa.

"Na goge mana! Ke ba ki da kunya ne? Cinyarki, gadon bayanki, ki rasa wanda za ki tura wa sai yayanki? Ni mijinki ne? Wayar nan yara suna wasa da ita, matata tana ɗauka. In ta gani in ce mata me? Na farko na buɗe na ga abin da ya fi ƙarfin idona, tun daga nan duk wanda ya shigo ba na buɗewa, gogewa nake."

"Muryar fa, Yaya? Maganar da nake yi?"

"Me zan saurara? Na san kuka ne. In na ji raina ne zai ɓaci, in raina ya ɓaci in je in yi abin da za a ce na kashe miki aure. Ni rufa miki asiri na yi, ke ba ki gani ba."

"Duka? Ko ɗaya babu?"

"Kuma kar ki ce na zauna ban yi komai ba. Jiya da na je karɓar maganin ido na yi wa mijinki magana, namiji da namiji. Na ce ƙanwata tana turo min hotuna, me ke faruwa? Mutumin nan har ƙwalla ya yi. Ya ce ciwon ne, in ya kayar da ke kika tashi sai ki riƙa ganin kamar wani ne ya buge ki. Ya ce kar in damu, zai ƙara miki magani."

Ta juya da sauri ta koma makaranta. Mai gadi ya ce ai kakar yarinyar ta zo ta tafi da ita, wai za a kai ta a duba ta.

Ta san abin da ke jiranta a gida, ta kuma san ba ta da wata hanyar zuwa wajen Ummi sai ta cikin gidan. Tun daga bakin layi ta ga shagon a rufe da rana tsaka. Tun daga ƙofar gida ta ji rediyo.

Dokta yana zaune a tsakar gida, kwaɗon shago a hannunsa.

"Sannu da zuwa, mai hoto. Kawo."

Ta miƙa wayar. Ya jefa ta cikin bokitin wanki.

"Ina Ummi?"

"Tana inda masu hankali suke. Ni za ki tona? Ni da nake zama in gyara ki kamar ba a taɓa ba? Marar godiyar Allah."

Da kwaɗon ya buge ta. Goshin ya buɗe daga gira har cikin gashi. Ya ƙara mata a kafaɗa, ya ƙara a baya, sannan numfashinsa ya dawo daidai. Ya ajiye kwaɗon, ya naɗe hannun riga, ya nufi famfo.

"Je ki zauna wajen taga. Wannan zai ci zare."

Ta ji ruwa ya fara zuba. Ta ja mayafinta ta fita.

Rana ce tsaka, layin cike da mutane. Jini ya rufe mata rabin fuska yana ɗiga a ƙirjinta. Matan da ke bakin shagon mai kayan miya suka taso.

"Innalillahi! Matar Dokta, an sake faɗuwa? Ina za ki, ga Dokta a gida?"

Sai ga shi ya fito, hannu da kumfa, baƙar jaka a hammata, yana murmushin mai haƙuri.

"Don Allah ku tare min ita. Ciwon ne, yau ya taɓa kan sosai."

Mata biyu suka miƙo hannu. Ta tsaya ta shafo goshinta ta ɗaga musu tafin.

"Wallahi duk wadda ta taɓa ni sai na shafa mata shi a riga, ta je ta yi wa 'yan sanda bayanin inda ta samo."

Suka ja baya. Ba wadda take son rigarta ta shiga maganar. Ta kai bakin titi ta tsayar da tasi. Direban ba ɗan unguwar ba ne, bai san wani Dokta ba, jini kawai ya gani ya taka mota.

A asibitin gwamnati an zaunar da ita kenan nas ta ɗauko kati, sai ga Dokta ya shigo yana haki. Ya san nas ɗin, masu harkar magani ba sa ɓace wa juna.

"Sista, sannu da aiki. Iyalina ce. Jiri take fama da shi, ta faɗi a kan dakali. Da kin bar min ita ma, abu kaɗan ne."

"Ayya, Dokta, sannu." Nas ta yi rubutu, ta jawo tire.

Matar ta dafe goshinta da hannu. "Karanta min abin da kika rubuta."

"Ke baiwar Allah, ba ki ga layi ba? Cire hannunki."

"Ba za ki taɓa ni ba sai kin karanta min."

Nas ta yi tsaki. "An rubuta kin faɗi kin fasa goshi. Shi ke nan?"

"Wa ya gaya miki? Ni ce mai ciwon ko shi? Kin tambaye ni?"

"Kin gani ko, Sista," in ji Dokta a hankali. "Haka take yi."

Matar ta miƙe tsaye, ta yar da mayafin, ta juya baya ta ɗage rigarta a gaban kowa, masu jira da masu shara. Shatin kwaɗo yana nan sabo, har da zanen bakinsa. A ƙarƙashinsa tsofaffi ne, wasu sun yi baƙi wasu sun yi ruwan ɗorawa.

"Wane dakali ne yake bugun mutum a baya da goshi lokaci ɗaya? Ga yatsuna. Ga haƙarƙarina, ku ɗauki hotonsa. Mijina ne, ga shi nan tsaye, da kwaɗon shagonsa ya yi. Haka za ki rubuta, ki sa ranar yau, ki sa hannu. In ba za ki iya ba kira wanda zai iya, ina nan har jinin ya ƙare."

Nas ta dubi bayan, ta dubi Dokta.

"Malam, jira a waje."

Wannan karon ba ta ce masa Dokta ba. Ta soke layin farko ta sake rubutu, ta karanta mata da ƙarfi, ta kira likita ya duba ya sa nasa hannun. Sannan ta ara mata waya ta kira lauya.

Kati ɗaya ke nan, bayan shekaru ana yi. Lauyar ma da ta riƙe shi cewa ta yi, "Da da sauran, da ba mu sha wahala ba. Amma za mu shiga da wannan."

Ranar zaman kotu Dokta ya zo da mutanen layi mota guda. Ga mai kayan miya, ga mai wanki, ga Hajiya a gaba ta riƙe hannun Ummi gam. Ɗaya bayan ɗaya suka tashi suka ce kowa ya san matar tana faɗuwa. Alƙali ya bar su suka gama, ya juya katin a hannunsa, sannan ya ce a cikinsu wanda ya taɓa ganin faɗuwar da idonsa ya ɗaga hannu. Suka kalli juna. Mai wanki ya ce shi dai Dokta ne ya gaya masa. Mai kayan miya ta ce ita ma. Da aka zo kan Hajiya sai ta ce ita tsohuwa ce, idonta ba ya gani sosai.

Mutanen nan ba kurame ba ne. Shekara da shekaru suna jin rediyo yana tashi da rana tsaka a gida ɗaya, ba wanda ya taɓa cewa wane irin labarai ne ba a saurara sai da ƙarfi haka. Kowa yana da yaron da zai fasa goshi gobe, kowa yana son allura a kusa da gida. Ciwon faɗuwa ya fi musu sauƙi, sai suka karɓa suka riƙe mata shi. Har a harabar kotun wasu suna cewa ko ma mene ne, bai kamata ta ɗage riga a gaban maza ba.

Alƙali ya hana Dokta kusantar inda take, ya ce yarinya ta koma hannun uwarta har a gama shari'a. Sai da ɗan sandan kotu ya ɓamɓare yatsun Hajiya daga hannun Ummi.

A bakin ƙofa uwar Ummi ta ga Yaya a raɓe jikin bango, bai shiga ba. Ya matso yana murza hula.

"Ke ma da laifinki. Da kin gaya min don kotu kike tarawa, ai da na sa a wani wuri na rufe ido. Ni ina zan sani?"

Ta gyara wa Ummi zama a kafaɗarta.

"Na gaya maka, Yaya. Duk saƙon da na turo da shi nake farawa."

Ta sauka matakala ta tsayar da mota.